Takalmin Birki na Huɗu

Ranar Alhamis ce, saura kwana goma sha biyu a yi Babbar Sallah, a daminar da nake aji huɗu a firamare. Ruwa ya ɗauke bayan la'asar, tsakar gidanmu da ke Gwarzo ya yi caɓal, ni da ƙannena muna kwalfe ruwan da ya kwanta a bakin madafa da tsohuwar ƙwarya, Inna tana fama da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya cika mata ido. Sai muka jiyo ƙarar daga bakin layi, siririya mai tsawo, ƙiiii, kamar ana jan wuƙa a kan faranti. Muka yar da ƙwaryar muka zuba a guje muna "Oyoyo Baba!" Duk unguwar an san wannan ƙarar, ko akuyarmu ta san ta. Kafin a hango motar ake jin ta, domin sai Baba ya fara taka birki tun daga shagon mai gyaran rediyo kafin ta yarda ta tsaya a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. A wurinmu yara babu kiɗan da ya kai ta daɗi. Ita ce take gaya mana Baba ya dawo lafiya, wataƙila ma da rake ko dafaffiyar gyaɗa. A ranar bai miƙo mana komai mu ɗauka ba. Ya sauko da wani ƙunshi a takardar buhun siminti, an ɗaure shi da igiyar roba, ya rungume shi a ƙirji har cikin gida. Ya tsaya a kan Inna ya ce, "To, an samu." Rabon da in ga haƙoransa a waje haka har na manta.

Baba direba ne. Motarsa a-kori-kura ce fara, ta kwana biyu a duniya, da ita yake kwasar 'yan kasuwa da buhunan hatsi da dabbobi tsakanin Gwarzo da Kabo da ƙauyukan da ke kewaye. Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Mu yara ba mu san ma'anar maganar ba. Abin da muka sani shi ne sabulun wanka ya zama abin yankawa gida-gida, shayi ya koma na ranar Juma'a kaɗai, kuma ana tura mu da safe mu kama wa manya layi idan an ji labarin an kawo kaya. Kayan gyaran mota kuwa ɓacewa suka yi ɗungurungum, direbobi suka koma dabara. Ana ɗinke taya da waya, ana ɗaure salansa da igiya, wasu har garin sabulu suke kaɗawa da ruwa su zuba a madadin man birki. Baba bai taɓa yarda da wannan ba, yana cewa rayukan mutane yake ɗauka, ba buhun gawayi ba. Sau uku yana zuwa Kano neman takalman birkin gaba yana dawowa hannu rabbana. A wannan zuwan ne aka dace.

Takalmi yake kiran su. Ban sani ba ko sunansu ke nan ko shi ya raɗa musu. Ƙarafa ne masu faɗi, ba su kai tafin hannun babba ba, an manna musu wani abu mai kauri da kaushi a fuska ɗaya. Kowace tayar gaba tana da biyu, su ne suke matse faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya idan an taka birki. Na san wannan ne domin ni ce 'yar fari, kuma Baba bai riƙe kunyar ɗan fari yadda Inna ta riƙe ba. Inna ba ta faɗin sunana, "ke" ce ko "yarinyar nan", kuma magana tsakanina da ita ba ta wuce aike da faɗa. Shi kuwa Baba, kowace Juma'a idan an sauko daga masallaci, sai ya tuɓe babbar riga ya shimfiɗa buhu a gindin darbejiya ya ce, "Saude, zo ki ara mini kunnenki." Shi ya koya mini jin mota. Ya ce da farko kuka take yi, tana gaya maka takalmi ya kusa ƙarewa. Idan ka ƙi ji, sai ta fara gurza. Ya kai ni wurin dutsen niƙan Inna ya ce in saurari lokacin da hatsi ya ƙare dutse yana cin dutse. "Haka birki yake yi idan ƙarfe ya isa ƙarfe," in ji shi. Yakan leƙa ta bayan taya da tsinken ashana ya gwada kaurin abin da ya rage. Yakan nuna mini yadda fedar birki take nutsewa ƙasa sai an yi mata famfo sau biyu, da yadda sitiyari yake rawa a hannu, da yadda man birki yake ja baya a ɗan kofinsa ba tare da an ga inda ya zuba ba. A daminar nan motarmu ta daɗe da wuce kuka. A ƙarƙashin ƙiiii ɗin da muke wa oyoyo akwai gurzar, ina jin ta, shi ma yana ji.

Duk lokacin da aka cire tsofaffin takalma, ni Baba yake ba. A makarantarmu wasan 'yar gala-gala shi ne sarauta. Mukan zana gidaje a ƙasa a bayan aji, kowace yarinya da abin jifarta, yawanci tsingaro ko fasasshen kasko. Nawa kuwa ƙarfe ne, ya sha hanya ya yi sumul, idan na jefa shi a gida ba ya tsalle ba ya mirgina, nan yake kwanciya. Da shi na cinye gidajen 'yan aji biyar. Ba ni da takalmin kanti, jakata kuma Inna ce ta ɗinka da buhun gishiri, amma ina da abin da babu mai shi. Da safe in share tsakar gida, in jawo ruwa a rijiya in cika randa, in kai akuya turke, in wanke kwanukan tuwon jiya da toka, duk hankalina yana kan ƙarfen nan da ke aljihun rigar makaranta. Sai ga shi a makon nan ya faɗa mini a masai. Kwana uku ina wasa da tsingaro, ana cinye ni, ana yi mini dariya.

Da safiyar Juma'a Inna ta aike ni ɗakin Baba in ɗauko tabarma. Ƙunshin yana ƙarƙashin gado. Na kwance igiyar don in gani kawai. Huɗu ne, an jera su biyu-biyu fuska da fuska, suna warin sabon abu, kaurinsu ya kai tsinken ashana huɗu a haɗe. Na ɗauki ɗaya na ji nauyinsa a hannuna. Na ce a raina ai Juma'a da wuri ake tashi, kafin a sauko daga masallaci na mayar da shi, babu wanda zai sani. Na ɗaure ƙunshin yadda na same shi, na jefa ƙarfen a aljihu, nauyinsa yana jan rigar gefe ɗaya har makaranta.

Da aka fita tara na fito da shi, yara suka kewaye ni. Ya fi tsohon kwanciya, kaushinsa yana kama ƙasa. Na ci gida uku a jere. Aka kaɗa ƙararrawa ban ji ba, ko na ji na ƙi. Sai dai na ga inuwar Malam Garba, malamin ajinmu, a kan zanen. Ya yi mini bulala biyu a tafin hannu, ya tsinci ƙarfen ya jujjuya shi. Mai keke ne, bai san ko mene ne ba. Ya jefa shi a durowar teburinsa tare da danƙo da goruba da sauran abubuwan da yake ƙwacewa, ya datse kwaɗo ya ce, "Sai ranar ba da hutu." Na buɗe baki in ce na Baba ne, na mota ne, sai na ga idanun 'yan aji a kaina, na yi shiru. Wannan shi ne shiruna na farko.

Bayan Juma'a Tanimu makaniki ya zo da jakar sifanunsa a bayan keke. Abokin Baba ne tun suna yara, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. "Direban jaki," ya ce, "yau za a yi wa tsohuwar taka ɗinkin Sallah?" Baba ya ce, "Kai dai ka wanke hannu kafin ka taɓa, ba irin gwangwanin da ka saba ba ne." Aka tokare tayoyin baya da duwatsu, aka ɗaga gaba da jek, aka kwance notuna, aka cire tayoyi biyun aka jingina su da darbejiya. Tanimu ya zaro tsofaffin ya nuna wa Baba. Biyu sun zama ƙarfe zalla suna ƙyalli, biyun da suka rage akwai ɗan abin da bai kai ɓawon albasa ba. Ya girgiza kai ya ce, "Ashe da addu'a kake tsayawa." Suka yi dariya. Baba ya shiga gida ya fito da ƙunshin, ya kwance a kan buhu.

Ina tsaye a jikin darbejiya. Na ga yadda ya ɗaga takardar ya kakkaɓe, ya sake ɗagawa. Ya koma ɗaki, na ji ana jan gado. Inna ta ɗage tabarmi, aka duba cikin motar, aka duba bayan kujera. Babu wanda ya tambaye ni. Da an tambaye ni, wataƙila da na faɗa, haka nake gaya wa kaina shekara da shekaru. Baba ya dawo ya tsuguna, ya daɗe yana kallon ukun nan. Ya ce, "Huɗu mai kantin ya nuna mini, Tanimu. Da idona na gani. Amma da zai ɗaure sai ya juya mini baya." Sannan mutumin da ban taɓa jin ya zagi ko akuya ba ya ɗaga hannu sama ya ce, "Wanda ya raba ni da na huɗun nan, Allah ya isa." Mai kantin Kano yake nufi. Ni kaɗai na san inda maganar ta sauka. Ba dukan nake tsoro ba, Baba bai cika duka ba. Tsorona kada ya dube ni da wannan idon, kada wata Juma'a ta zo ya kira wani ya ara masa kunne.

Tanimu ya ce a mayar da tsofaffin duka, a ajiye motar sai an samu cikon. Baba ya ce makon kasuwar Sallah ne, masu raguna sun riga sun yi masa magana, kuma abin da za a ci har kaka daga makon nan yake fitowa. Ya ce a sa sababbi biyu a ɓangaren direba, a zaɓi masu dama-dama a cikin tsofaffin a mayar ɗaya ɓangaren. Tanimu ya kira sunan Baba ya ce, "Ilu, ba a yi wa mota takalmi ƙafa ɗaya. Ranar da ka taka da ƙarfi, wannan tayar za ta kama, waccan ta ƙi. Fizgar ka za ta yi." Baba ya ce, "Hannuna ya san ta. Bayan Sallah na koma Kano." Tanimu ya yi tsaki, ya ɗauki sifana. Ya danne abin da ke tura takalmin ya koma ciki, ya goge faifan, ya zura sababbin, ya mayar da ƙusoshinsu. Da aka gama aka mayar da tayoyi, Baba ya ce in hau in taka feda kamar yadda na saba, har ta yi tauri. Na zauna a bakin kujera, ƙafata da ƙyar take kaiwa. "Taka. Riƙe. Saki." Na taka, na riƙe, na saki. Da ƙafata na taka, ina sane da komai. Da na sauko ya dafa kaina ya miƙo mini tsofaffi biyun da aka cire, ya ce, "Ga naki, je ki cinye su."

Ran Asabar da ya dawo ƙarar ta ragu, sai da motar ta zo daf da gida muka ji ta. Inna ta yi wanki ran nan, ta shanya rigata ta makaranta a igiya ba ta ce komai ba. Na ƙudura ran Litinin zan durƙusa wa Malam Garba in gaya masa gaskiya, in kawo ƙarfen in ajiye a inda Baba zai tsince shi. Ran Litinin Malam bai zo ba. A shekarun nan malamai da yawa gona ce take riƙe da su, an ce ya tafi Madadi yin maimai. Na zauna ina kallon kwaɗon durowar tun safe har aka tashi. Ran Talata ma bai zo ba.

A ranar Talatar, da hantsi, Baba ya ɗauko raguna da masu su zai kai Kabo. An yi yayyafi, kwalta ta jiƙe. A wata gangara kafin mararrabar Gammo, inda hanya take bi ta kan kwalbati, garken shanu ya fito daga cikin dawa ya hau titi. Waɗanda suke bayan motar sun ce sun ji ya yi salati, sun ji ya taka. Motar ta fizga hagu kamar an ja ta da igiya, ta daki bangon kwalbatin ta ɓangaren direba. Mutum biyu sun karye, raguna suka watse cikin gonaki, har washegari ana kamo su. Baba kaɗai ne bai tashi ba. Na dawo daga makaranta na tarar da takalman mutane a ƙofar gida, babu mota a gindin darbejiya. Kafin la'asar an kai shi. Masu gaisuwa suna ta cewa kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, ban taɓa musun wannan ba. Tanimu ne kaɗai na ga ya zauna nesa da tabarma, ya haɗa kai da gwiwa.

Ranar sadakar uku ta faɗo ranar ba da hutu. Mata suna dakan gumba a tsakar gida, sai ga Ladidi, 'yar ajinmu, ta leƙo ta yafuto ni zaure. Ta ce Malam ya buɗe durowa ya raba wa kowa kayansa, ya ce a yi mini gaisuwa, a kawo mini abin wasana. Ta sa mini shi a hannu. Ban sake zana gida a ƙasa ba tun daga ranar. Muka yi Sallah babu layya, bayan takaba aka sayar da abin da ya rage na motar, muka koma gidan kawuna. Inna ta shiga yin ƙuli-ƙuli da dakau. Ni kuma na naɗe ƙarfen a tsumma, duk inda na koma yana ƙasan kayana, har ɗakin aurena a Kabo.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano ina da 'ya'ya uku, ina zuwa Islamiyyar matan aure. Ko'ina ka zauna maganar hannun ɓarawo ake yi, a gidan suna, a motar haya, a bakin famfo. Wasu suna murna, wasu suna tsoro. Ni kuwa sai in dubi nawa hannun. Malamarmu ta yi mana karatu a kan amana da haƙƙin da ba a yafe ba, na dawo gida na kasa cin abinci. Washegari na ɗauki tsumman na hau mota zuwa Gwarzo. Na tarar da Inna a inuwa tana tsince wake a faifai. Bayan mun gaisa na kwance na ajiye mata a gaba, na faɗi komai tun daga ƙarƙashin gado har durowar Malam, har Allah ya isan da Baba ya yi. Ba ta taɓa ƙarfen ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta, har na zaci ba ta ji ba.

Can ta ce, "Ran Asabar ɗin da na wanke rigarki, na ga aljihun ya yage ta ƙasa. Tsohon ƙarfenki bai taɓa yaga shi ba. Na gane." Ta jefar da wata tsakuwa. "Na ce in na faɗa, zai ɓata rai da ke. Kuma na ji kukan motar ya ragu, na ɗauka ta gyaru. Me na sani a kan mota?" Na ce, "Inna, to me ya hana ki tambaye ni?" Ta ce, "Da wane baki? Ni da ko sunanki ba na faɗa." Ta ɗaga ido ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba. "In akwai haƙƙi, mu biyu ne a ciki, Saude. Ɗauke abin nan ki mayar inda kike ajiye shi." Wannan ne karo na farko da na ji sunana a bakinta, kuma ba ta sake faɗa ba har ta rasu. Ba ta ce an yafe mini ba. Ba ta da ikon cewa, wanda yake da ikon yana ƙasa.

Yanzu idan na bi ta tasha a Gwarzo ina ganin su a rataye a kwalaye, huɗu-huɗu, shago bayan shago, har yara ne suke sayarwa. Makaniki yana canza su kafin ka gama gaisawa da mutanen wurin. Ɗana yana da ƙaramar mota, yakan yi mini dariya idan na ce ya tsaya in sauka don na ji wani ɗan kuka a tayar gaba, ya ce, "Hajiya, kunnen nan naki ya fi na'ura." Ban gaya masa inda na samo kunnen ba. Abin da na gaya masa shi ne kada ya bari ta kai ga gurza, kuma kada ya taɓa canza ɓangare ɗaya ya bar ɗaya. Jikokina da hon suke gane ubansu ya dawo, kuma haka ya fi. Amma wani lokaci bayan la'asar, idan ruwa ya ɗauke, wata tsohuwar mota takan ja ƙiiii a bakin layinmu, sai in ji ƙafafuna suna so su tashi da gudu kafin hankalina ya riƙe su. An sare darbejiyar, dutsen niƙan ya lotse an jefar, Tanimu ya rasu, Inna ta bi. Duk abin da na sani na wancan zamani ya cinye, sai na huɗun nan da ke ƙasan akwatina, wanda bai taɓa tsayar da komai ba. Har yau sabo ne.